Neman kalma: yaya za mu ce "re-wrap" na sitiyarin mota da Hausa?

Malama Tafinta:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa a agaza mini, lokaci ya ƙure. Ina fassara littafin koyarwa na matasa masu koyon aikin kushin ɗin mota, gobe da safe zan miƙa, babin sitiyari kaɗai ya tsaya mini. Marubucin ya kasa aikin gida uku. Akwai abin da ake saya a shirye a zura wa sitiyari, ya kira shi "cover". Akwai wanke tsohuwar fata, a goge ta da samfefa mai laushi, a cike inda ta tsattsage, a sake rina ta, ya ce "refinish". Sai babban aikin, inda ake farke ɗinki, a ɓare tsohuwar fata gaba ɗaya, a yanka sabuwa a manna a ɗinke, shi ne "re-wrap". Wannan na ƙarshen ne ya hana ni sakat, don shi ne sunan babin. Na rubuta "naɗe sitiyari" amma raina bai kwanta ba. Ina son abin da zai ba ni aikatau ya ba ni suna.

Bakanike:
Wa alaikumus salam Malama. Na farkon babu gardama, rigar sitiyari, kowa haka yake cewa. Amma naɗi kam ki cire. Kika ce wa yaro ya naɗe sitiyari, salatef zai ɗauko ko igiya ya yi ta zagayawa, don akwai masu yin hakan in sitiyari ya fara ɓarewa.

Baduku:
Gaskiyar Bakanike. Babu naɗi a aikin nan ko kaɗan. Tsohuwar fatar da aka ɓare ita ake shimfiɗawa a fitar da fasali, sai dai da yake ta riga ta miƙe, sabuwar ana rage mata tsawo kaɗan don ta kama gam. A haɗa bakinta biyu ta zama zobe, a ja ta a ɗora, a shafa gam sama-sama, sannan a bi ta ciki da lanƙwasassun allurai biyu da zare mai kaki. Fatar ba ta wuce kaurin milimita ɗaya da ɗan wani abu, kuma sai an feƙe bakinta, in ba haka ba mahaɗar ta yi tudu a tafin hannu. Ni rufi zan ce. Rufin sitiyari.

Hajiya Mai Koyarwa:
Baba Baduku, sunan ya yi daɗi, amma aikatau ɗin fa? "Rufe sitiyari" ai kulle shi ne. Duk wanda ya taɓa zare makulli ya murɗa ya ji ya ƙame zai ce sitiyari ya rufe.

Malam Nahawu:
Ku dakata, Hausa ba ta rasa hanya ba. Muna gina aikatau daga suna kullum: sabo, sabunta, tsanani, tsananta, Musulmi, musulunta. Muna kuma da kalmar da ma'anarta ita ce suturar fata da aka ɗinka daidai jikin ƙarfe, wato kube. To ga shawarata: kubanta. A kubanta sitiyari. Kubantawa, mai kubantawa, kubantaccen sitiyari. Kalma ɗaya tak, ta ba ki duk abin da kika nema, Malama, kuma jininta na Hausa ne tsantsa.

Malama Tafinta:
Allah gafarta Malam, ginin ya yi daidai da ƙa'ida, ban musa ba. Tsorona mai karatu ne. Waɗannan matasan wasunsu da ƙyar suke haɗa baƙi, in suka ci karo da kalmar da ba su taɓa ji ba a kan babi, za su tsallake.

Baduku:
Malam, ni kube na ɗinka shi da hannuna. Amfaninsa a zare wuƙa a mayar. Abin da ake zarewa a mayar kuwa ai shi ne rigar sitiyari, na farkon can. Fatar da muke magana in ta hau ta hau ke nan, sai ranar da aka sa reza. In ka ce kube ka kai yaro ga aikin da ba shi ake nufi ba.

Malam Nahawu:
Ma'ana tana faɗaɗa, Baba. Riga ma ai ta mutum ce kafin ku sa wa sitiyari. Kowace kalma akwai ranar da aka fara jin ta. In kowane mai fassara ya ce sai abin da aka saba zai rubuta, yaushe harshen zai ƙaru? Littafi irin wannan shi ne wurin dasa kalma.

Ɗan Asali:
Ni abin da ya ba ni takaici daban ne. Kuna ta jayayya a kan sutura, alhali wanda za a suturta ɗin baƙo ne. Sitiyari Hausa ce? Samfefa fa? Salatef fa? Muna da linzami, muna da akala, duk abin sarrafa abin hawa ne. A rubuta linzamin mota a daina kunyata mu. Har yaushe za mu riƙa lanƙwasa Turanci muna kiransa Hausa?

Hajiya Mai Koyarwa:
Ɗan'uwa, linzami daga Larabci muka aro shi, akala ma haka, allurar da Baba Baduku yake ɗinki da ita ma haka. Motar da ka jingina wa linzamin kuma daga ina ta zo? Sitiyari ya zauna a bakin mutane, yana ɗaukar madanganci, sitiyarin mota, sitiyarina, yara da tsofaffi sun san shi. Wannan shi ne zama Hausa.

Ɗan Asali:
Aron Larabci ya yi ɗaruruwan shekaru a cikinmu, Hajiya, ya narke. Na Turanci kuwa kasala ce ta 'yan boko. Kun fi jin daɗin a ce kun iya harshen wasu. Ko kambun mota da wasu ke cewa ai ya fi wannan mutunci.

Bakanike:
Yallaɓai, ni ban yi boko mai zurfi ba, kuma sitiyari nake cewa tun ina yaron gareji. Ba 'yan boko suka kawo shi ba, direbobi da makanikai ne. In ka zo ka ce mini linzamin motarka na rawa, sai na tsaya na tambaye ka me kake nufi. Kambu na sha ji, ban ƙi shi ba, amma ba ko'ina ake ganewa ba.

Ɗan Asali:
Shi ke nan, kowa ya ga an taɓa aro sai ya ce masu sana'a ne. Wasu al'ummomi suna da hukumomi da ke zama su ƙirƙiri kalma a bi. Mu kuwa mun bar wa gareji.

Baduku:
Garejin ba abin rainawa ba ne, ɗana. Su ke riƙe da abin a hannu.

Malama Tafinta:
Don Allah a yi haƙuri a dawo kan hanya, dare na yi. Sitiyari zai zauna yadda yake, ba ni da hurumin canza shi a littafin koyon sana'a. Yaya Bakanike, tunda kana kusa, akwai wani abu a babin da ya kira "clock spring", ya yi gargaɗi mai tsanani a kansa. Na san ba agogo ba ne. Mene ne shi?

Bakanike:
Yawwa, wannan shi ya fi komai muhimmanci a babin, ki ba shi fili. Waya ce mai faɗi kamar ɗan ƙyalle, an naɗe ta cikin wani gwangwanin roba a bayan sitiyari. Ita ke kai wuta ga hon da maɓallan jikin sitiyari da jakar iska, wato "airbag", wadda ke kumbura ta kare direba in an yi hatsari, tana warwarewa tana naɗewa yayin da ake juyawa. Zagayenta ƙidayayye ne. In aka cire sitiyari yaro ya yi wasa da ita ta bar tsakiya, ranar da aka mayar aka karya kwana sosai sai ta tsinke, hon ya mutu, fitilar jakar iska ta kama. Shi ya sa ake miƙe tayoyi kafin a fara, a yi alama a kan sandar da sitiyari ke zaune, a kuma liƙe ita wayar kada ta motsa.

Kafin duk wannan a cire kan batir, na baƙar waya, a jira mintunan da littafin motar ya faɗa, don na'urar jakar iska tana riƙe sauran wuta ko bayan an cire. Wayoyinta galibi ruwan ɗorawa ne, kada a gwada su da fitilar gwaji. In an ciro jakar a ajiye ta fuskarta na kallon sama. Babban notin tsakiya kuma a sassauta shi a bar shi a kai har sitiyarin ya saki, in ba haka ba ya fizgo ya bugi fuska. Ni naɗaɗɗiyar waya zan ce mata. Kin ga wani dalilin da zai sa ki bar naɗi a nan, kada ya fito wuri biyu da ma'ana biyu.

Malama Tafinta:
Allah ya saka da alheri. Naɗaɗɗiyar wayar sitiyari ta shiga. Wannan bayanin ya ƙara nuna mini dole sunayen ukun su rabu sarai, don na ukun ne yawanci ke kai mutum ga cire sitiyari da taɓa jakar iska.

Hajiya Mai Koyarwa:
To me ya hana a faɗe shi yadda yake? Sake wa sitiyari fata.

Malam Nahawu:
Wannan ai bayani ne, Hajiya, ba kalma ba. Sunan kuma fa? In aka ce sakin fata an koma saki, sai a ɗauka fatar ce ta saki jiki ta yi sako-sako.

Hajiya Mai Koyarwa:
Ba wanda ya ce sakin fata, Malam. Ga sauya nan, sunansa sauyi. Sauyin fatar sitiyari a kan babi, a cikin bayani kuma a sauya wa sitiyari fata, an sauya masa fata. Ɗan Asali ma bai da abin cewa, ban ce canji ba.

Baduku:
Wannan ya shige ni. Yaro na ji ya san tsohuwa za ta fita sabuwa ta shiga. Sai dai Malama ki lura da abu biyu. Kada ki bari "leather" ta zame miki leda. Kalmar daga can ta fito, amma a bakinmu leda roba ce, wanda ya karanta zai je ya sayo abin da zai ɓare cikin zafin rana. Na biyu, in marubucin bai faɗa ba ki nemi izini ki ƙara: ƙarƙashin fatar akwai soso mai tauri da aka zuba a kan zoben ƙarfe. In ka kama sitiyari ka murɗa ka ji soson na juyawa shi kaɗai, ya rabu da ƙarfen, sabuwar fata ba za ta yi maganinsa ba. Wasu motocin kuma akwai siririyar wayar ɗumama hannu a kwance daidai ƙarƙashin fata, reza na shiga da zurfi ta yanke ta.

Mai Kushin:
Na zo a makare. Tambayata ɗaya, in abin da aka sa ba fata ba ne fa? Akwai Alcantara da ake yi a Italiya, laushinta kamar bayan fata amma haɗin roba ce. Akwai kuma sitiyarin da tun daga kamfani roba ne zalla, ba fatar da za a sauya, ɗora masa ake yi.

Malam Nahawu:
Kun gani ko? Kubanta ba ta da wannan matsalar. Ko mene ne aka ɗinka, an kubanta.

Hajiya Mai Koyarwa:
Fatar roba ma fata ake ce mata a bakin masu aikin. Wanda ba shi da ita tun asali kuma sai a ce an sa masa fata. Ba sai kalma ɗaya ta ɗauki komai ba.

Malama Tafinta:
To ga inda na tsaya, don sai na bi babin daga farko na gyara. Rigar sitiyari. Sauyin fatar sitiyari, da sauya wa sitiyari fata. Jakar iska. Naɗaɗɗiyar waya. Aikin tsakiyan nan, "refinish", shi ne har yanzu ban samu ba. Kwaskwarima ta zo mini, amma tana da ƙanshin aikin ganin ido, alhali marubucin ya ɗauke shi gyara na gaske: sai an cire maiƙon gumi da man shafawa da suka shige fatar, in ba haka ba rinin ba ya kamawa.

Bakanike:
Ki ce rinin sitiyari kawai.

Baduku:
Rini mataki ɗaya ne a ciki, shi ne ma na kusa da ƙarshe. Farfaɗo da fata ya fi kusa.

Malama Tafinta:
Zan sa farfaɗo da fatar sitiyari a yanzu, in yi masa alama don mai dubawa ya yanke hukunci. Malam Nahawu, kubanta ba za ta shiga wannan bugun ba, ka yi haƙuri.

Malam Nahawu:
Littafinki ne, Malama. Sauyin fata ba kuskure ba ne, na yarda, amma har yanzu ina ganin doguwa ce, kuma ba ta amsa tambayar Mai Kushin yadda ya kamata ba. In akwai jerin kalmomi a ƙarshen littafin ki sa kubanta ko da a gefe ne.

Ɗan Asali:
Sauyi dai Hausa ce, wannan na karɓa. Sitiyari kuwa ban karɓa ba, kuma zan buɗe masa zance na daban.