Wai fiyano ce ta kashe waƙar Hausa?

Kawu Lawal: Ni maganata ɗaya ce, kuma ba yau na fara faɗinta ba. Tun da fiyano ta shigo waƙar Hausa ta mutu. Ɗanƙwairo ya rasu 1991, Shata 1999, Barmani Choge 2013, Ɗanmaraya 2015. A nuna mini wanda ya gaje su.

Bashir: Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, amma mutuwa fa? Hau keke daga Kawo zuwa Kakuri ka ji ko akwai wanda ba ya sa waƙar Hausa. Lokacin kullen korona a 2020 wane gida ne "Jaruma" ta Hamisu Breaker ba ta shiga ba?

Kawu Lawal: Shiga gida daban, zama daban. Kai ka taɓa tsayawa kusa da mai kalangu? Yana matse tsarkiyar a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, sai ka ji ganga ta kira sunan mutum ta yi masa kirari baki bai buɗe ba. 'Yan amshi kuma ba ado ba ne. Suna amsawa, Shata yana ƙera baiti na gaba a kansa, ba takarda ba biro, ya hango baƙo ya shigo fili ya jefa shi cikin waƙar nan take. Na yanzu a ɗauke wuta a wurin biki ka ga yadda ido zai raina fata.

Bashir: Wannan kam ba musu. A situdiyo layi-layi ake ɗauka, inda murya ta kauce kwamfuta ta miƙar da ita.

Malam Isiyaku: Lawal, tare muka tashi a Tudun Wada, kada ka sa in tona. Lokacin da Garba Supa da Hassan Wayam suke tashe, me iyayenmu suke kiran kukuma? Kiɗan 'yan bariki. Shata kansa ya sha zagi a bakin malamai kan waƙar shan ruwa. Kuma a nan Kaduna Bala Miller ya yi zamaninsa da jita da ƙahonin bature yana waƙa da Hausa, ban ji ka ce ya kashe komai ba, rawa ma ka taka.

Kawu Lawal: Ƙarya kake, kallo na je.

Malam Isiyaku: To na ji. Ni a ganina ba kayan kiɗa ne suka sauya waƙa ba, mai biyan mawaƙi ne ya sauya. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Jankiɗi yana da Sarkin Musulmi. Gida, doki, riga, hatsi, duk daga fada. Mutumin da aka ɗauke wa cefane yana da lokacin da zai zauna ya tace magana. Da aka buɗe Rediyon Kaduna a 1962 waƙa ta fita daga ƙofar fada ta shiga shagon tela da tashar mota, shi ya sa irin su Ɗanmaraya da kuntiginsa suka samu kasuwa da waƙar karen mota da zaman aure. Sai kaset. Sai fim, daga "Turmin Danya" a 1990, har "Sangaya" ta zo ta nuna wa furodusoshi cewa waƙa ce ke sayar da fim. Furodusa ba zai iya ciyar da makaɗa goma ba. Yaro ɗaya da Yamaha ya gama masa aikin kafin la'asar. Laifin fiyano ke nan, arha.

Hadiza: Baba Malam ya gama magana. Ni abin da ke ba ni haushi, kullum sai a ce nanaye, wato waƙar fim ta fiyano, kwaikwayon Indiya ce zalla. Eh, namiji ya yi baiti mace ta mayar, wannan daga can ne. Amma amshin fa? Na gaɗa ne, irin wanda su Goggo suka yi a dandali.

Goggo Rabi: Rabin gaskiya kika faɗa, 'yar nan. Gaɗarmu tafi ne da murya, babu mai kiɗa. Amma in don Indiya ne kada Lawal ya ɗora wa yara. Su wa suka cika silima kallonta tun kafin a haife su?

Kawu Lawal: Duk kun taru a kaina. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988 saboda Hausar da ke bakinsa. Cikin na yanzu wa za a zauna a yi nazarin baitinsa nan da shekara 30? Daga "zuciyata" sai "masoyiyata".

Bashir: Aminu Ala fa, Kawu? Da fiyanon yake yi, kuma ɗalibai suna rubutu a kan waƙoƙinsa. Nan Kaduna muna da Umar M. Shareef a soyayya, DJ AB a gambarar zamani, kowa da masu jinsa. A shagona direbobi suna kawo memori su ce a haɗa musu Shata da Breaker a wuri ɗaya, ba su ga faɗa a ciki ba. Roƙon ma bai mutu ba, daga fada ya koma gidan gwamnati. Abin da Rarara yake yi ai shi ne.

Kawu Lawal: Ala na yarda, shi kaɗai. Amma kada ka sake haɗa mini waƙar kamfe da "Bakandamiya" ta Narambaɗa.

Malam Isiyaku: Ka manta waƙoƙin jam'iyyun NPC da NEPU na da ke nan. Su ma kamfe ne.

Goggo Rabi: Ku dai ku yi ta yi. Bikin autata na riga na kama masu kiɗan ƙwarya ranar kamu, ƙawayen amarya kuma sun ce sai an kawo DJ ranar dina. Kowa ya shirya gudunmawarsa.

Kawu Lawal: Na ƙwarya ni zan biya duka. Na DJ kada wanda ya zo ƙofar gidana.