Injin jirgin ruwa yana rasa ƙarfi da zarar ya yi zafi

Mai Kwale-kwale:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin injin jirgin ruwa. Injina irin na maƙalawa a bayan jirgi ne, mai ƙarfin dawaki 40 da silinda biyu, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Da safe yana tashi ba tare da wahala ba, amma idan muka yi tafiya ya ɗauki zafi, sai ya fara karkarwa yana tari, ƙarfinsa ya ragu kamar da rabi, wani lokaci ma ya mutu ya ƙi tashi har sai ya huce. Idan na cire giya na ba shi totur lafiya lau yake amsawa. Na canza fulogi biyun, babu abin da ya sauya. An ce mini in sayi sabon akwatin CDI, wato akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa fulogi, amma ina so in tabbatar da inda matsalar take kafin in kashe kuɗi.

Tsohon Makanike:

Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da sayen akwatin nan tukuna, domin mai da wuta kan nuna alamu masu kama da juna, kuma dole ne a fara raba su. Amsawar da injin yake yi ba cikin giya ba kada ta ruɗe ka, saboda injin da silinda ɗaya ce kawai take aiki a cikinsa yana iya ruri sosai muddin farfela ba ta tura ruwa.

Ka fara da ɓangaren mai, tunda gwajinsa ba ya cin komai. Ka duba ko ƙaramar ƙofar iska da ke kan murfin tanki a buɗe take, domin idan ta toshe tankin yakan riƙe man bayan an ɗan yi tafiya. Sannan lokacin da injin ya fara tari, ka sa wani ya riƙa matsa ƙwallon robar da ke kan tiyon mai. Idan ƙarfi ya dawo, to matsalar tana tsakanin tanki da kafireto: ko dai robar cikin famfon mai ta huje, ko tiyo yana zuƙar iska, ko matatar mai ta toshe. Ka kuma zuba ɗan fetur daga ƙasan tanki a cikin kwalba mai haske ka bar shi ya natsu, in akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa.

Ina roƙonka kada ka ci gaba da tilasta shi yana cikin wannan hali. A irin wannan inji, baƙin mai yana shiga ne tare da fetur, saboda haka silindar da ba ta samun isasshen fetur ba ta samun abin da zai sanyaya mata gogayya, kuma ƙarshenta fistin da ringi ne za su ƙone.

Matuƙin Jirgi:

Na yarda da tsarin da Baba Makanike ya kawo, sai dai ni hankalina ya fi karkata ga wuta, saboda maganar zafin nan. Koyil, wato abin da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi, ko kuma wayoyin da ke naɗe a ƙarƙashin fulawil, faifan ƙarfen nan mai juyawa a saman inji, sukan yi aiki daidai da sanyi, amma da zarar sun yi zafi sai siririyar wayar da ta tsage a ciki ta buɗe, wuta ta yanke, idan sun huce kuma su koma kamar babu komai. Don haka gwajin da aka yi da safe a bakin ruwa ba zai nuna maka gaskiya ba. Sai an gwada a daidai lokacin da ciwon ya tashi.

Da zarar ya fara, ka kashe shi ka kwance fulogi biyun ka kwatanta. Wanda ya fito jiƙe da mai yana nuna cewa fetur yana zuwa amma ba ya ƙonewa. Ka gwada wutar da na'urar gwaji mai tazarar kamar milimita 7 zuwa 10, ka ga ko shuɗiya ce mai ƙarfi, domin wuta mai rauni tana iya tsallake bakin fulogi a waje amma ta gaza a cikin silinda inda matsi yake. Ka nisanta gwajin daga tanki saboda tururin fetur, kuma kada ka ja igiyar tayar da inji alhali wayar fulogi tana reto ba ta taɓa jikin inji ba, hakan yana iya lalata CDI ɗin da kake ƙoƙarin karewa.

Mai Kwale-kwale:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na matsa ƙwallon mai babu canji, kuma babu ruwa a fetur. Fulogin silindar ƙasa ne ya fito jiƙe, wutarsa ja-ja ce tana zuwa tana ɗaukewa, ta sama kuwa tana da kyau. Ke nan koyil zan saya?

Tsohon Makanike:

Madalla, yanzu ka kusa. Idan kowace silinda tana da nata koyil, ka musanya su, na ƙasa ya koma sama, sannan ka sake fita har injin ya yi zafi. In matsalar ta bi koyil ɗin zuwa sama, shi ne ya mutu. In ta tsaya a ƙasa, sai a auna abin da ke fitowa daga ƙarƙashin fulawil a kwatanta da adadin da littafin injin ya bayar, kuma sai an ga wannan daidai yake sannan za a zargi CDI. Kafin musanyar, ka goge inda koyil yake ɗaure da jikin inji da kuma cikin hular fulogi, domin silindar ƙasa ta fi kusa da ruwa, tsatsa a wurin kaɗai tana iya raunana wuta. Tunda fulogi suna waje, ka auna matsin silindun biyu, kada bambancinsu ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Duk gwajin da za ka yi a kan tudu, ka tabbatar ƙafar injin tana cikin ruwa, in ba haka ba robar famfon sanyaya inji za ta ƙone nan take.