Kwana 47 shiru: waɗanda suka karɓi lasisin ɗaukar bindiga a Amurka, yaya kuka yi?

Mai shago, Houston

Assalamu alaikum jama'a. Ni dai ban taɓa tsammanin zan nemi bindiga a rayuwata ba, amma tun da na koma rufe shago ƙarfe goma sha biyun dare ina fita da cinikin yini a aljihu, hankalina bai kwanta ba. Na shiga ajin da dokar Texas ta tanada, muka yi awa huɗu a zaune, sannan aka kai mu filin harbi. Harsashi 50: ashirin daga yadi 3, ashirin daga yadi 7, goma daga yadi 15. Maki 175 ake nema cikin 250, na samu 231, duk da hannuna ya yi ta rawa a goman farko. Na biya dala 40, na je an ɗauki zanen yatsuna, na tura takardar shaidar aji. Yau kwana 47, shafin intanet ɗin magana ɗaya yake nuna min, wai ana kan bincike. Sau biyu nake leƙa akwatin wasiƙa kullum, har uwargida ta fara tambaya ko budurwa na yi a ɓoye. Don Allah wanda ya bi ta nan ya faɗa min nasa.

Direban babbar mota, Dallas

Wa'alaikumus salam. Alhaji kwantar da hankalinka, ba ka ma shiga lokacin damuwa ba. Kwana 60 doka ta ba DPS, hukumar tsaron Texas mai ba da lasisin, kuma ba daga ranar da ka biya kuɗi ake ƙirgawa ba, daga ranar da takardunka suka cika ne. In suna neman ƙarin bayani a kanka, abin yana iya kaiwa kwana 180.

Ni yatsuna ne suka ja min. Shekara tara na yi ina kanikanci kafin na hau mota, fetur da sabulun wanke hannu sun cinye zanen. Yarinyar da ke ɗauka ta danna, ta goge gilashin, ta sake dannawa, na'ura ta ƙi. Muka tura haka nan, bayan mako uku aka ce bai fito ba, in sake. Wata dattijuwa 'yar Najeriya a layinmu ce ta ce in riƙa shafa man kaɗanya dare da safe, in daina taɓa aikin inji har mako guda. Haka na yi, na biyun ya shiga. Gaba ɗaya kwana 74 na yi.

Nas, Columbus

Mu a Ohio ofishin sherif na gunduma ke bayarwa, horon awa takwas ne, biyu daga ciki a filin harbi, kuma kwana 45 ne iyakarsu. Nawa kwana 12 kacal. Amma maigidana da muka shigar rana ɗaya sai da ya kusa cinye kwana 45 ɗin nan, kuma suna ne dalili. A fasfo an rubuta Muhammadu, a girin kad (katin zaman dindindin) Mohammed, a lasisin tuƙi kuma sunan mahaifinsa ya koma tsakiya, na kakansa ya zama na ƙarshe. A gida wa ya damu da wannan? Nan kuwa kwamfuta mutum uku take gani. Ga shi sunan ya yi yawa a duniya, in akwai mai irinsa da ya taɓa yin laifi ko a wace jiha, sai an zauna an tantance ba kai ba ne. Alhaji ka jera katunanka a kan tebur ka duba harafi da harafi.

Abin da ya fi tsaya min a rai ba jiran ba ne. Ranar da na shigo da bindigar gida, autana ɗan shekara biyar ya tare ni a ƙofa yana lalube jakata yana neman alawa kamar yadda ya saba. Jikina ya yi sanyi. A daren na sa aka kawo akwatin ƙarfe mai buɗewa da yatsa, kuma har yau ba na zama in cire takalmi sai na kulle ta.

Ɗan Zango, Bronx

Kai, mutanen Texas kun ji daɗi! Dala 40 har kuna ƙorafi? Nan birnin New York dala 340 ce kuɗin fom kawai, ban da na zanen yatsu, ban da na aji. Awa 16 a zaune, awa 2 harbi, sannan ka kawo mutum huɗu da za su shaidi halinka, a kuma yi maka tambayoyi ido da ido. Kafin hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2022 ma irinmu ba ma ko gwadawa, don sai ka nuna wani dalili na musamman. Wata goma na yi, amma biyu daga ciki laifina ne: ɗaya daga shaiduna ya tafi Kumasi jana'iza bai sa hannu ba, ya zauna har bayan Sallah. Da katin ya zo kuma, ba a shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da ita, ba a shiga bas, ba a ratsa Times Square. To ina ya rage? Tana gida a kulle yawancin lokaci.

Ɗalibi, Austin

Yayyena, mai bizar karatu fa?

Direban babbar mota, Dallas

Ƙanena kar ka ma taɓa. Dokar tarayya ta hana mai bizar wucin gadi mallakar bindiga, sai 'yan ƙofofi ƙanana kamar na mai lasisin farauta, kuma wannan maganar lauya ce, ba ta abokai ba. Kuskure ɗaya ya isa a maida kai gida ba digiri. Mai girin kad shi ne doka ta yarda masa.

Dattijo, Arlington

Ni ina da tambaya. Tun 1 ga Satumban 2021 Texas ta ce mai shekara 21 da ba shi da laifin da ya hana shi yana iya ɗauka ba lasisi. To wahalar me kuke sha? Sannan ku yi min afuwa, shekarata 31 a ƙasar nan ban riƙe ba. A Najeriya ƙaramar bindiga irin wannan sai da izinin shugaban ƙasa, mu muka taso ba mu san komai ba sai adakar mafarauta. Baƙin mutum mai gemu da bindiga a ƙugu, ɗan sanda ya tsayar da shi da dare, ni abin da nake hangowa ke nan.

Direban babbar mota, Dallas

Baba, hangenka gaskiya ne, kuma shi ya sa ma na fi son katin. An taɓa tsayar da ni kusa da Waco, na kunna fitilar ciki, hannu biyu a kan sitiyari, na miƙa lasisin tuƙi tare da katin. Ɗan sandan ya tambayi inda bindigar take, na faɗa da baki ban motsa ba, aka rabu lafiya. Ban da haka jihohi da yawa suna karɓar katin Texas, in ka je sayen wata ba a sake yi maka binciken FBI, kuma dokar tarayya da ta hana bindiga cikin ƙafa 1,000 kewaye da makarantu ta sassauta wa mai lasisin jihar. Sai dai California da Illinois da New York ba ruwansu da katinmu, in lodi ya nufi can a gida nake barinta.

Mai shago, Houston

Jama'a na dawo da kunya. Bayan maganar Hajiya nas ta Columbus na zauna duba takardu, sunayena daidai suke. Sai 'yata ta karɓi wayar ta buɗe wurin da imel ɗin talla ke taruwa. Ga saƙonsu nan tun kwana na tara: gaban girin kad kawai na tura, suna son bayansa ma. Na tura yanzu, ƙirge ya koma farko. Uwargida ta ce in ba ta makullin akwatin wasiƙar ta riƙe har wata biyu.