Hitar banɗaki tana ɗigar ruwa, in toshe ko in bari?

Baban Iman:
Assalamu alaikum jama'a. Tunda hunturu ya kankama muka kunna hitar banɗaki don wankan yara kahin su tahi lakwal, mai lita 100 ce, to akwai wani ɗan ƙarfe a ƙasanta inda tiyon ruwan sanyi ke shiga, da ta ɗau zahi sai ya riƙa ɗiga ɗis ɗis har bango ya fara baƙi. Wani yaro mai gyaran famfo nan unguwar Ali Ɗan Sofo ya ce in ba shi jikka biyu ya toshe bakin a huta. Ya kuka gani?

Mai Sifana:
Wa alaikumus salam. Alhaji don Allah kada ka bari ya taɓa shi, wannan shi ne gurup na sekirite, wato ƙarfen da ke kare hita daga yawan matsi, ɗigar nan ita ce aikinshi. Ruwa in ya yi zahi ƙaruwa yake, lita 100 daga digiri 15 zuwa 60 yana ƙara wajen lita ɗaya da rabi, kuma ba ya iya komawa tiyon gari saboda akwai bawul a ciki mai hana shi komawa baya, to ina zai je? Shi ya sa da matsi ya kai bar 7 (bar ma'aunin matsi ne) sai sufirin ɗin ciki ya buɗe ya zubar. Ka toshe shi, ran da tamostat, mai yanke wuta in ruwa ya yi zahi, ta maƙale hita ta yi ta tafasa ba tsayawa tankin fashewa zai yi, ba a banɗaki kaɗai abin zai tsaya ba. Yaron nan bai gama koyon aiki ba wallahi. A sa mai ɗan mazurari da tiyo ya sauka magudana, bango ya tsira.

Hajiya Maman Sadiƙ:
Tamu fa ko an kashe wuta ɗiga take, da dare ma ta fi

Mai Sifana:
Hajiya taku daban ce. Ko dai ƙasa ta shiga bakin bawul ɗin ba ya rufuwa ruf, ko matsin ruwa ne ke hawa da dare in kowa ya rufe famfo. Ki sa a murɗa ɗan makunnin jikinshi ruwa ya fita da ƙarfi a sake shi, dama duk wata ake so a yi haka. In bai daina ba a auna matsin ruwan, in ya wuce bar 5 a sa mai rage matsi a daidaita shi kan 3.

Ɗan Katsinawa a Faransa:
Mu nan da ruwan zahi ake ɗumama ɗaki, tukunya guda ke tura shi cikin ƙarafunan bango, bawul ɗinta bar 3 ne kuma allurar agogon matsi tsakanin bar 1 da 1.5 take zama in ruwan ya huce. Akwai wata jar tanki ƙarama mai roba da iska a ciki, ita ke karɓar ƙarin. Akwai irinta fara ta ruwan wanka, Baban Iman in ka samu ka sa tsakanin gurup ɗin da hita, ɗigar za ta ragu sosai.

Baban Iman:
Na gode ƙwarai. Mai Sifana in ka tashi shago gobe ka biyo da mazurarin, ka tambaya min kuɗin farar tankin a kasuwa.