Beli kyauta ne a takarda: abin da talaka ke tararwa idan aka kama nasa

Wani tela daga Kano: Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wanda aka taɓa tsare ɗan'uwansa ya faɗa mana yadda ta kaya. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a gurfanar da shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, amma ƙanena ya kwana biyar a wani ofishin 'yan sanda kan rigimar kuɗin haya, kuma bai fito ba sai da na jinginar da keken ɗinkina na kai abin da aka nema, alhali a bangon ofishin an rubuta cewa beli kyauta ne. Abokin rigimarsa, wanda mahaifinsa ke da hali, ko la'asar bai kai a wurin ba.

Wata mai sayar da abinci daga Kaduna: Wa'alaikumus salam, Malam. Ɗana ne alƙali ya yanke wa ɗaurin wata shida ko biyan tara, kuma domin ban iya haɗa kuɗin ba sai bayan wata uku, duk tsawon lokacin yana gidan gyaran hali, sana'arsa ta wankin mota ta mutu, matarsa ta koma gidan iyayenta da goyo. Da na ji a 2023 cewa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tara naira miliyan 585 domin a saki fursunoni 4,068 da tara kaɗai ta riƙe, na yi kuka, domin na san irin iyayen da ke bayan kowane ɗayansu.

Wani lauya daga Zariya: Hajiya, Allah Ya kiyaye gaba. Abin da ya fi damuna a aikina shi ne sharuɗɗan beli, inda ake cewa a kawo mai tsayawa wanda babban ma'aikacin gwamnati ne ko mai fili da takardar mallaka, mutanen da ɗan dako bai taɓa zama inuwa ɗaya da su ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana tsaurara sharuɗɗa fiye da kima, ta kuma ba mace damar tsaya wa wanda ake tuhuma. Akwai hukumar ba da lauya kyauta tun 1976, sai dai lauyoyinta sun yi kaɗan.

Mai sayar da abincin: Barista, ni an ce mini mace ba ta beli, na kuwa yarda, na tafi neman kawun ɗana har Kafanchan.