Arraez ko Soto: wane adadi zan riƙe in gane gwanin bugu a besbol?

Baban Yara, Bronx:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san besbol su taimaka min. Babban yarona yana buga wa makarantarsu ta sakandare, ni kuma abin da na iya dubawa kawai shi ne aberej, wato sau nawa bugun mutum ya kai shi tasha. A kakar 2024 Luis Arraez ya yi .314, wato bugu 314 cikin kowane 1,000, ya lashe kambun aberej karo na uku a jere, bayan na Twins da na Marlins. Juan Soto kuwa .288 ya yi a Yankees, amma shi Mets suka ba dala miliyan 765 na shekara 15. Yaron ya ce ko kusa ba a haɗa su, yana ta kawo min OBP da OPS da wRC+. Abin da ya fi damuna, shi ma ya koyi tsayawa da gora a kafaɗa yana kallon ƙwallo tana wucewa. Ina yi masa faɗa, kocinsu kuma yana yaba masa. Wane adadi ne abin dogaro? In ci gaba da matsa masa ko in zuba ido?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Yaronka yana da gaskiya, kuma ga dalili. A wasa mai zagaye tara, sau 27 kacal za a fitar da 'yan ƙungiyarku, daga nan bugu ya ƙare. Don haka tambayar farko ita ce: sau nawa mutum yake fitowa ba a fitar da shi ba? Aikin OBP ke nan. Aberej ba ya ƙirga tafiyar kyauta, wato idan mai jifa ya kauce sau huɗu aka ce ka wuce tashar farko. Soto ya samu irin wannan sau 129 a 2024, Arraez sau 24. Shi ya sa OBP ɗin Soto .419 ne, na Arraez .346. A fitowa 700, wannan ratar ta kai kusan sau 50 da ɗaya ya tsira, ɗayan ya koma benci.

Illa ta biyu, aberej yana ƙirga kowane bugu a matsayin ɗaya, kamar mai shagon da ke ƙirga takardun kuɗi bai duba ta dala ɗaya ce ko ta ɗari ba. Soto ya buga hom-ran, wato bugun da ke kai mutum gida kai tsaye, sau 41, Arraez sau 4.

OPS ya haɗa OBP da ma'aunin ƙarfin bugu, SLG. Na Soto ya kusa .990, na Arraez bai kai .740 ba. Yana da sauƙi, amma ni ba ya gamsar da ni, domin yana ba su nauyi ɗaya alhali OBP ya fi tasiri wajen kawo maki. wOBA ya gyara wannan, ya ba kowane abu farashinsa gwargwadon makin da yake jawowa: tafiyar kyauta wajen 0.7, bugun tasha ɗaya wajen 0.9, hom-ran wajen 2. In adadi ɗaya kake so, riƙe wRC+, wanda aka gina a kan wOBA. A cikinsa 100 shi ne tsaka-tsakin 'yan wasa a shekarar. Soto yana wajen 180, Arraez ya ɗan haura 100.

Maman Tagwaye, Denver:
Malam, ka manta da batun fili. Mu nan Coors Field, filin ƙungiyar Rockies, yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, iska ba ta da kauri, ƙwallo tana yin nisa. Ɗan wasan Rockies yakan yi kyau a aberej da OPS fiye da yadda yake. wRC+ da OPS+, wato OPS da aka daidaita, suna cire wannan tagomashi, shi ya sa nake yarda da su.

Tsohon Direba:
Ni dai kada a raina Arraez. Bugu 200 ya yi a shekarar, kuma sau 29 kacal mai jifa ya fitar da shi da kansa. Idan akwai mutum a tasha ta biyu, saura fitarwa ɗaya, tafiyar kyauta ba za ta kawo shi gida ba, bugu ne zai kawo shi. A nan Arraez nake so da gora. Ku tuna 2012: Miguel Cabrera ya yi .330, hom-ran 44, ya shigo da maki 139, ya zo na ɗaya a duka ukun a lig ɗinsa, abin da ba a gani ba tun 1967. Masu lissafi suka ce Mike Trout ya fi shi, amma Cabrera aka ba MVP, kyautar gwarzon ɗan wasan shekara, kuma ban ga laifin masu zaɓen ba.

Malamin Lissafi:
Kawu, a bugu zalla Cabrera da Trout kusan kunnen doki suka yi a wRC+. Ratar ta fito ne a WAR, wanda ke haɗa gudu da tsaron fili, ga Trout ya saci tasha sau 49. Shi ya sa ban kawo wa Alhaji WAR ba, tambayarsa ta bugu ce. Kuma shafukan alƙaluman besbol na FanGraphs da Baseball-Reference kowa da yadda yake lissafa shi. Maganarka ta tasha ta biyu gaskiya ce, sai dai ba kullum ake shiga wannan hali ba.

Ɗalibar Jami'a:
Baba, batun ƙanena nake so in taɓa. Duk waɗannan alƙaluma na masu fitowa sau 600 ko 700 a shekara ne. Ɗan sakandare da wuya ya kai 100. In ya fito bugu sau 60, ƙwallo uku kacal da suka faɗa hannun mai tsaro za su sauke aberej ɗinsa da .050, ko da ya buge su da kyau. Ko manyan ƙungiyoyi, tun da Statcast, tsarin na'urorin da ke bin diddigin ƙwallo, ya zo a 2015, suna duba saurin da ƙwallo ta bar gora, mil 95 a awa zuwa sama shi ne bugu mai ƙarfi. Don Allah ka sassauta masa. A wasa na gaba ka zauna ta bayan alƙali da takarda, ka rubuta ƙwallayen da ya bari. In waɗanda mai jifa ya kauce yake bari, idon da kocinsa ke yabawa ke nan. In kuwa yana barin na tsakiya suna wucewa, musamman bayan an ci shi biyu, saura ɗaya a fitar da shi, to wannan ne za ku zauna da kocin ku tattauna.