Ƙanena yana so ya daina shan ƙwaya, wace ƙofa za mu ƙwanƙwasa a Gombe?

Babbar Yaya, Jekadafari:

Assalamu alaikum. Ina da ƙane ɗan shekara 24 da yake sana'ar tuƙa Keke Napep. Ya fara shan tiramadol ne don ya jure gajiyar aiki, daga baya ya haɗa da wasu ƙwayoyin sa barci, har ta kai ga sau biyu yana faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Makon jiya bayan sallar asuba ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna, ya ce da bakinsa ya gaji, a taimake shi. Na kai shi wani asibiti, muka yanki kati, muka bi layi har azahar, amma wanda ya duba mu ya ce wannan ba ciwo ba ne, rashin tarbiyya ne, mu koma gida mu yi masa faɗa. Tun daga ranar ya ƙi sake fita. Kawunmu ya ce a kai shi gidan mari, ita kuwa Inna da ta ji an ambaci NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, sai ta fashe da kuka, don a ganinta ɗaure shi za su yi. Don Allah wanda ya san hanyar da ake bi ya nuna mana.

Ma'aikacin jinya, Pantami:

Wa alaikumus salam, Yaya. Allah ya ba shi lafiya. Abin da aka faɗa muku kuskure ne, domin dogaro da ƙwaya cuta ce da likitoci suke yi wa magani, kuma ɓangaren da yake kula da ita shi ne sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ku fara daga sashen marasa lafiya da ba a kwantarwa, ku faɗi ƙarara cewa kuna neman a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa saboda shaye-shaye. Ku tafi da sassafe, ku riƙe takardar da aka rubuta sunan duk abin da yake sha, da adadin da yake sha a rana, da lokacin da ya fara, kada kuma ku ɓoye zancen jijjigar nan, domin tiramadol yana haddasa ta.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin barcin. Wanda jikinsa ya saba da irinsu, idan ya yanke su dare ɗaya, yana iya shiga hatsari, shi ya sa likita yake rage su sannu a hankali. Kada ku kulle shi a ɗaki da sunan zai warke. Idan likita ya ga yana buƙatar doguwar kwanciya, yana iya rubuta muku takardar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri ko na Barnawa a Kaduna, sai dai ku shirya wa kuɗin mota da na gado da na magani.

Dattijo daga Kumo:

'Yata, ki gaya wa kawunku ya ajiye maganar gidan mari. Duk mun ga abin da aka bankaɗo a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Ban hana addu'a ba, ni ma da ita nake kwana, amma mari ba ya cire ƙwaya daga jini.

Tsoron mahaifiyarku kuwa yana da dalili, tunda mun fi sanin NDLEA da kame tun kafuwarta a 1989. Sai dai hukumar tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, wanda aikinsa ya bambanta da na masu samame, kuma a 2022, a ƙarƙashin shugabancin Buba Marwa, ta buɗe layin waya na kyauta, 0800 1020 3040, wanda mutum zai kira ba tare da an ga fuskarsa ba. Na taɓa raka ɗan maƙwabcina ofishinsu, aka zauna da shi aka yi magana, muka dawo gida tare. Shawarata ita ce wani babba ya fara zuwa shi kaɗai ya ji tsarinsu da abin da ake biya, kuma ranar da za ku je da yaron ku tabbata babu ko ƙwaya ɗaya a aljihunsa, domin mallakarta laifi ne a doka.

Wadda ta daina, Tudun Wada:

Yaya, ni kodin na sha na tsawon shekara uku a gidan aurena, kuma ko bayan da gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, ban daina samu ba, tsada kawai ya ƙara. Rahoton bincike na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suke shaye-shaye a Najeriya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, amma ranar da na je asibiti, ni kaɗai ce mace a kan bencin. Na sa niƙabi don kada wani ɗan unguwarmu ya gane ni, na ce wa mijina awon jini zan je.

Ku kam kun ci rabin yaƙin, tunda shi ya nema. Amma wahalar ba a makon farko take ba, tana zuwa ne bayan an sallame shi, ya koma majalisar da ya saba, da abokan da suke miƙa masa. Ranakun komawa ganin likita su ne aka fi sakaci da su, musamman idan kuɗin mota ya yi wuya, saboda haka ku ware mutum ɗaya a gida wanda zai riƙe katin ya riƙa raka shi. Ni ƙanwar mahaifiyata ce ta riƙe nawa.

Babbar Yaya, Jekadafari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Inna amsoshinku, ta amince mu fara da asibitin ranar Litinin, kuma Baba, kawun namu ya yarda shi zai je ofishin hukumar ya tambayo. Saura shi mai ciwon, wanda har yanzu maganar da aka faɗa masa rannan take cin ransa. Malam ma'aikacin jinya, idan ya ƙi bina ranar Litinin, shin likita zai yarda ya saurare ni ni kaɗai tukuna?